Ruwan Jarka Biyu Yas Sa Anka Zare Wuƙa Gaban Shagona, Wai Mi Ka Damun Yaranmu?

Mai Shago Mabera:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin na ci na tun jiya ban runtsa ba. Jiya da la'asar sakaliya yara biyu 'yan ga-ruwa sunka yi hwaɗa bakin bohol ɗin da ke kallon shagona, kan layi, wanga ya ce shi yar riga zuwa wancan ya ce ƙarya ta, sai ɗaya yat ture kurar ɗan'uwanai jarka biyu sunka hwaɗi ruwa yam malale. Ni ina auna ma wata yarinya sukari ina kallonsu har ina dariya don na saba ganin irin haka, wallahi kahin in ƙulle bakin ledar ɗaya ya zaro wuƙa daga ƙugu ya yanki ɗayan ga damtse, jini har bisa jarkunan mutane. To abin da yah hana ni barci shi na, yaran ga na san su, kwano guda su ka cin tuwo, zaure guda su ka kwana, kuma wanda yay yi yankan shi yaz zauna ƙasa shina kuka kamar ƙaramin yaro, shi da kainai yaɗ ɗora shi bisa kura yak kai shi kemis. Na tambaye shi don mi, ya ce shi ma bai sani ba. Ni kuma ina son in sani. Mi ka kai mutum ga haka?

Alhajin Kara:
Wa alaikumus salam. Ƙwaya ta. Ka bincike aljihunai ka gani. An gama magana.

Mai Shago Mabera:
Alhaji yaron ga ko taba ban taɓa ganin ya sha ba, ni ka sai da taba unguwar, da shina sha ni zan hwara sani.

Ɗan Kabukabu Dandima:
Alhaji kullum ku sai ƙwaya ƙwaya, yunwa hwa? Tun da anka cire tallahin mai ran 29 ga Mayu 2023 wa ad da sauran haƙuri garin ga? Ni nan da ku ka gani sai in hita tun asuba in sha mai na dubu huɗu in yi ta yawo cikin rana in komo gida da abin da bai isa cehwane ba, sa'annan wani ya hau mashin ɗina in kai shi tun daga Dandima har Arkilla ya miƙo min ɗari biyu ya ce shi haka ya saba biya, wallahi sai ka ji wani abu ya taso maka tun daga ciki har maƙoshi. Ba ƙwaya na sha ba. Ruwan jarka biyu wurinka ba komi ba na Alhaji, wurin yaron can abincin darenai na yaz zube ƙasa.

Malamar Firamare:
Ɗan kabukabu na ji maganarka kuma akwai gaskiya ciki, amma ban yarda talauci kaɗai ba ne. Rahoton da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna kusan mutum 9 cikin 10 a jihar nan ta Sakkwato suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, mu ne kan gaba duk ƙasar. Da talauci ke sa a zare wuƙa da tuni babu wanda ya rage cikinmu. Iyayenmu sun ga yunwar da ta fi wannan, suna kwana da kunu, amma ba su yanka juna kan ruwa ba. Talauci na sa rai ya yi ƙunci, wannan na yarda, amma akwai abin da ke koya ma yaro cewa idan rai ya yi ƙunci hannu ake ɗagawa.

Ɗan Kabukabu Dandima:
Malama iyayenmu ma sun yi hwaɗa, waya ce babu lokacin balle a ɗauka a tura gurup.

Malamar Firamare:
Hahaha to na ba ka wannan. Amma bari in gaya muku abin da nake gani cikin aji, shekara goma sha ina koyarwa. Yaron da ya fi kowa dukan 'yan'uwanshi a aji, in ka ɗaga rigarshi za ka ga shatar bulala ko ta wayar caji. Akwai wani da na taɓa koyarwa ɗan aji uku, in na ɗaga hannu zan gyara mayafina sai ya kare kanshi da hannu biyu, ya zaci marinshi zan yi. Wannan yaron da an tashi tara shi ne zai shaƙe wuyan wanda bai kai shi ƙarfi ba. Na kira uban, ya zo, kafin in gama bayani ya kwaɗa ma yaron mari a gabana wai don ya koya mashi ya daina dukan mutane. Ban san lokacin da na riƙe baki ba.

Baba na Kanwuri:
Ɗiyata a yi hattara. Mu an buge mu makarantar allo, an buge mu gida, ga mu mun zama mutane. Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi. Ku 'yan boko ku kunka ɓata yara da wagga magana ta kar a taɓa su.

Malamar Firamare:
Baba Allah ya ƙara girma, ban ce kar a tsawata ba. Amma tsakaninka da Allah, dukan da malaminku ya yi muku da dorina sau biyu a tafin hannu don kun ƙi wanke allo, ɗaya yake da uban da ya dawo kasuwa ranshi ɓace ya kama yaro da bel har sai maƙwabta sun ƙwace shi? Na farko yaro ya san laifinshi. Na biyu abin da ya koya kawai shi ne babba in ya ji haushi yana hucewa kan ƙarami.

Baba na Kanwuri:
Wanga na biyu ba tarbiyya ba ta, hauka na. Nan na yarda da ke.

Ɗalibin Danfodiyo:
Malama abin da kika faɗa an gwada shi tun tuni. A 1961 wani masanin halayyar ɗan adam, Albert Bandura, a jami'ar Stanford ta Amurka ya tara yara ƙanana, wasu suka kalli babban mutum yana dukan wata 'yar tsana ta roba da guduma yana harbinta da ƙafa, wasu ba su gani ba. Da aka bar su da 'yar tsanar, waɗanda suka ga duka su suka fi dukanta, har irin salon dukan da kalmomin da mutumin ya yi suka kwaikwaya. Babu wanda ya ce musu ku yi, gani kawai suka yi. Sannan a nan gida binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. To ka ga ba 'yar tsana ake duka a gabansu ba, uwarsu ce ko su kansu.

Uwar Biyu Runjin Sambo:
Uwarsu ce, ka faɗi daidai. Ni gidan haya nike, ɗaki da ɗaki, babu sirri. Akwai maƙwabciyata da mijinta ke bugunta kusan duk sati kan abin da bai taka kara ya karya ba, gishiri ya yi yawa, ruwan wanka bai yi zahi ba. Ɗansu ɗan shekara biyat ran nan na ji shi shina wasan gida da ɗiyata, shi ne miji, ya ɗauki takalmi ya ce mata "in kin ƙara magana sai na hwasa miki baki". Da muryar ubanai, har yadda yake jan kalmar. Na janye ɗiyata na shige ɗaki jikina na rawa. Kuma in matar ta kai ƙara gidansu sai a ce ta yi haƙuri ta koma, aure ibada ne. Yaron ga nan da shekara goma sha biyat wa za shi aura? Ɗiyar wani cikinku.

Alhajin Kara:
Duk kun bar maganata kun tahi Amurka. Ni dai na ce ƙwaya. Ku zagaya bayan tasha da magariba ku gani, yara ƙanana da tsumma ga hanci suna shaƙar sholisho, ga tiramol ga roci ga wiwi.

Nas Mai Aikin Dare:
Alhaji ba a bar maganarka ba, tana da ƙarfi. Binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ce mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar nan suka sha wani abin maye cikin shekara guda, kuma a watan Mayun shekarar ne gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. An hana kodin yara suka koma wani abu. Amma ga yadda nike ganin abin daga wurin aiki: ƙwaya ba ta ƙirƙiro fushi, burki take cirewa. Akwai sashen ƙwaƙwalwa nan bayan goshi, shi ne mai ce maka dakata, in ka yi haka me zai biyo baya. Yana cikin na ƙarshen nuna a ƙwaƙwalwa, sai wajen shekara 25 yake kammala, shi ya sa mafi yawan waɗanda ake kawo mana da sara ko suka, da waɗanda suka yi saran, samari ne. Burkin bai gama ƙwari ba, sai a zuba mashi roci ko giya ya mutu gaba ɗaya. Wani abin da mutane ba su lura da shi, buguwar kai. Ɗan kabukabu ka ji da kyau, wanda ya faɗi da mashin ya bugu a goshi zai iya warkewa sarai amma iyalinshi su ce tun daga haɗarin nan ya canza, abu kaɗan ya hau faɗa. Ba aljani ba ne, wurin burkin ne ya taɓu. Ku dinga sa hular kwano don Allah.

Ɗan Kabukabu Dandima:
Hular kwano cikin zahin Sakkwato? Anti kina son ƙwaƙwalwar ta dahu gaba ɗaya kenan.

Nas Mai Aikin Dare:
To ga zafin ma ai yana cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce digiri 40, babu wuta, mutum bai yi barcin kirki ba sati guda yana juyi kan tabarma a tsakar gida, ga sauro, ya tashi ya shiga layin ruwa. An daɗe da lura a ƙasashe da yawa cewa faɗace-faɗace na ƙaruwa lokacin zafi, kuma rashin barci kanshi yana rage ma mutum haƙuri. Sannan ku tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, wajen Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinari cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu da dalma a jini tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta kuma tana sa wahalar kame kai. Yaran nan yanzu samari ne. Abu ɗaya dai nike roƙo, a daina cewa duk mai faɗa mahaukaci ne a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Mafi yawan masu taɓin hankali ba su dukan kowa, su ake duka, su yara ke jifa a titi.

Tsohon Ɗan Eriya:
Salamu alaikum. Na daɗe gurup ɗin ga ban taɓa magana ba, amma yau sai na yi don duk kuna hwaɗin abin daga waje ni daga ciki nih hito. Shekara bakwai ina cikin yaran da ku ka kira eriya boyis, na bi 'yan siyasa zaɓe biyu, ba ni hwaɗin suna. Na sha duk abin da Alhaji yal lissafa. An buge ni ina yaro kamar jaki, Malama ba ki yi ƙarya ba. Amma in kuna son ku san mi ka hwaruwa cikin daƙiƙar da mutum ka zare wuƙa, ba yunwa ka zo maka ga rai ba, ba ubanka ba. Idanun mutane na. Mai shago ka ce kana kallonsu kana dariya, to wa da wa kuma ad da dariya wurin? Don ni ranar da nis sari mutum na hwarko, abin da yay yi min bai kai ya kawo ba, hulata yaɗ ɗauke yaj jehwa cikin kwata gaban majalisarmu, sai nij ji an kwashe da dariya, har da wata yarinya mai tallan gyaɗa da nike so. Wallahi ban ga mutumin ba ma, dariyar kawai ni ka ji cikin kunnena. Mutumin da ad da aiki da mata da mutunci in an yi mai haka shina iya kaɗe riga shi wuce don ya san shi wane na. Ni lokacin ban da komi duniya sai cewa ana tsorona. In anka ɗauke wanga mi yar rage min? To ga wuƙa ga ƙugu. Da babu ta da mari za mu yi a raba mu, gobe mu ci tuwo tare.

Mai Shago Mabera:
Inna lillahi. Wallahi an yi dariya. Da ruwan yaz zube santsi yak kwashe mai wuƙar yaz zauna cikin caɓi, duk layin anka sa ihu, mata da yara. Har da ni.

Tsohon Ɗan Eriya:
To ka ga amsarka yaya. Ba laihinka ba na kai kaɗai, haka mu ka yi dukanmu. In an hwara cacar baki maimakon a shiga tsakani sai a yi da'ira, wani ya ce "kai ka yarda ya gaya maka haka?", wani ya hiddo waya shina ɗauka. Yaron da ya san za a tura bidiyonai ana yi mai dariya gobe duk unguwa, ƙaƙa za shi ja da baya? Kuma maganar wuƙa, su wa sunka saba mamu da ita? Lokacin kamfen mota ka zuwa da dare a raba kuɗɗi a raba ƙwaya a raba gora da adda, in zaɓe ya wuce su tahi Abuja lambar wayarsu ta daina shiga, kayan aikin kuwa suna hannunmu ba a karɓa ba. Kano suna da 'yan daba, Gombe kalare, Bauchi sara-suka, duk uwa guda ta haihe su.

Ɗalibin Danfodiyo:
Yaya abin da ka faɗa shi ne kusan abin da wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, James Gilligan, ya ce bayan ya yi shekaru yana aiki da masu kisan kai a gidajen yari, cewa amsar da ya fi ji daga bakinsu ita ce an raina su. Kai ka riga shi da hular cikin kwata.

Malam na Zaure:
Allah shi saka da alheri, ɗan'uwa Allah shi karɓi tuba. Abin da ni ka so in ƙara, mu da kanmu mun canza ma'anar namiji. Yaro in an buge shi waje ya komo shina kuka sai uwar ta ce koma ka rama, kar ka shigo min gida rago. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, cewa yay yi mai ƙarhi ba shi na mai kada mutane ga kokawa ba, mai ƙarhi shi na wanda ka mallakar kainai lokacin hushi, Bukhari da Muslim sun ruwaito. Wani ya zo neman wasiyya ya ce mai kada ka yi hushi, ya maimaita tambaya ya maimaita mai amsa. Kuma ya koyar cewa in hushi ya kama mutum shina tsaye to shi zauna, in bai wuce ba shi kishingiɗa. Ku duba, wanga ai shi na burkin da Nas ta hwaɗi. Amma mu malamai ma sai mun duba kanmu, sau nawa mun ka karanta hadisin ga da dorina ga hannu muna huci?

Baba na Kanwuri:
Malam yau har da kai? To shi kenan an taru kaina.

Ɗan Gabas:
Ni daga wajen Sabon Birni nike, gudun hijira ta kawo mu cikin gari shekara ukku kenan. Ina karanta maganarku ta wuƙa guda ina tuna namu. Abin da yac cinye ƙasarmu ramuwa ta. An sace ma wani shanu ya kai ƙara ba a yi komi ba, ko an karɓe kuɗɗinai an saki ɓarawon, sai ya ce to shi za shi ɗaukar ma kainai. 'Yan sa-kai su kashe wanda bai ji ba bai gani ba don kawai Bahillace na, 'yan bindiga su zo su ƙone gari don kawai garin su ɗan sa-kai na. Ku tuna Oktoban 2021, kisan da anka yi kasuwar Mamande da wanda anka yi kasuwar Goronyo duk cikin wata guda. Kowa in ka tambaye shi cewa za shi yi shi anka hwara zalunta. Abin da ka ban tsoro yanzu ɗiyanmu na, ƙanena ɗan shekara tara ya ga an harbe kawunmu ƙohwar gida, yau in ka ba shi kara ba shi yin mota da shi, bindiga shi ka yi, kuma ko ƙohwa anka buga da ƙarhi sai ya zabura ya kama duk wanda ad kusa da duka. Ba mu san inda za mu kai shi ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Ɗan Gabas Allah ya jiƙan kawu. Wannan firgita ce ta zauna mashi a jiki, kuma ana samun sauƙinta in an ga masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa da wuri. Kar ku doke shi in ya yi, ƙara mashi za ku yi. Yi min magana ta gefe in kwatanta maka ranar da ake ganin yara, kar ka sa lamba a nan.

Alhajin Kara:
Ni har yanzu ina nan kan bakana, a kama masu sai da ƙwaya a ga ko rabin abin ga bai tahi ba. Amma maganar dariya ta shige ni, don ni ma majalisarmu in yara na hwaɗa har caca muke wa za shi kada wani.

Uwar Biyu Runjin Sambo:
Mai shago ya jikin yaron? Kuma shi mai wuƙar ina yake?

Mai Shago Mabera:
Ɗinki bakwai anka yi mai, hannun na motsi alhamdu lillahi amma ba shi iya tura kura yanzu. Mai unguwa ya karɓe wuƙar, ya ce za a zauna bayan isha'i da wanda yak kawo su garin. Shi wanda yay yi yankan tun da sahe shi ka tura kura biyu, tashi da ta ɗan'uwanai, ya kai wagga ya komo ya ɗauki waccan. Ɗazu ya zo sayen biredi da madara na ga na mutum biyu yas saya, ya miƙo kuɗɗin bai ɗaga kai ya dube ni ba, ni ma na rasa mi zan ce mai sai nic ce ya bar canjin wurinai.